Iya Ruwa Fid da Kai

Damina ta cika madatsun da aikin raya karkarar Keita ya soma ginawa tun 1984, yara suna ta iyo a ciki. Wataƙila gobe wasunsu su sa kaki, a tura su bakin Komadugu ko Tafkin Chadi, nesa da duwatsun Buza da gonakin albasar Madawa. Kurtun da ake koya wa iyo da takalmi da jiƙaƙƙen kaki, darasinsa na farko shi ne ya daina kokawa da ruwa, ya kwanta rigingine, ya daidaita numfashi, domin firgita ke fara cinye ƙarfinsa. Nakan tuna yadda muke tasowa da yaƙinin cewa ƙarfi ke ceto, sai shekaru su koya mana cewa wani halin, natsuwa kaɗai ke fid da mutum daga cikinsa.