Shere ko Assop: Abin da Ƙafa ta Taka, Ido ya Gani

A taronmu na ƙarshen wata an ɗora mini kawo shawara kan inda za mu je fitar bana. Matasa sun ce Shere ko a fasa, dattawa kuma sun yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da Shere, tunda ita ake rigima a kai. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta kai mita 1,829. Ba banza ba aka kafa makarantar horon Man O' War a can. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce: wani wuri ka yi rarrafe a kan falalen dutse, wani wuri ka matsa tsakanin duwatsu biyu sai ka cire jakar bayanka. Daga ƙasa za ka ga kamar ga ƙololuwar nan kusa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ladan wahalar kuwa babba ne. Idan ka kai sama, ga Jos shimfiɗe, ga ruwan dam ɗin Lamingo yana ƙyalli, iska mai sanyi tana dukanka har ka manta da gumin da ka yi.

Assop kuma tana kan hanyar Abuja, wajen Hawan Kibo, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga nan Rayfield. Can ba hawa ake yi ba, gangarawa ake yi zuwa gindin ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Wahalarta ƙarama ce, sai dai santsi, musamman da damina. A kan hanya ana iya tsayawa a Dutsen Riyom, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Yaro da tsoho kowa zai iya zagayawa.

Yanzu ga abin da ya daɗe yana ci mini rai. Shekara biyu da suka wuce ni ne na dage sai Shere. Cikinmu akwai wani dattijo da ya haura sittin, bai taɓa fashin taro ba. Ya hau lafiya, har yana yi mana ba'a. A saukowa gwiwarsa ta ƙi. A ranar na gane sauka ta fi hawa cin gwiwa, domin duk nauyin jiki a kanta yake faɗawa, ga ƙafa ta riga ta gaji. Ruwanmu ya ƙare, rana ta yi yamma, samari biyu suna tallafe da shi.

Na ce, "Baba, ka yafe mini, ni na jawo."

Ya ce, "Sakatare, dutsen bai yi laifi ba. Kunya ce ta hana ni cewa ba zan iya ba."

Tun daga ranar bai ƙara bin mu fita ba, kuma wasu sa'o'insa uku suka bi sahunsa. Mun ga Jos daga sama, amma mun rasa mutum huɗu a motarmu. Ni dai ban ga riba a wannan cinikin ba.

Don haka shawarata ita ce: fitar ƙungiya ta zama Riyom da Assop, inda iyayenmu da mata da yara za su zauna a tabarma ɗaya a ci abinci tare. Masu jini a jika su ware wata Asabar cikin rani su tafi Shere, su tashi da sassafe, da ɗan jagora na yankin, da takalmi mai riƙe dutse, da ruwa isasshe, kuma a nemi labarin lafiyar hanya kafin a fita. Ni ma zan bi su in gwiwata ta yarda.

Baba kuwa, in wannan rubutu ya iso gare ka, kujerar gaba taka ce. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Naku, Sakataren Ƙungiya.