Shugaba da Sunansa a Kafofin Sada Zumunta

A fadar Bahaushe ta dauri, sarki ba ya yawan magana. Amawali yana rufe da bakinsa, kuma idan ya furta wani abu, ƙasa-ƙasa yake yi, makusanta su ɗaga maganar su isar da ita ga jama'a. Sanarwa aikin sanƙira ne da mai shela, yabo kuwa aikin maroƙa ne da makaɗa. Hikimar wannan tsari ita ce, tsakanin bakin shugaba da kunnen talaka akwai masu tace zance, saboda haka da wuya kuskuren harshe ya fita daga zaure. A yau wannan shinge ya rushe. Tun da aka buɗe Facebook a 2004, sannan Twitter a 2006, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, gwamna da shugaban kamfani da shugaban kwaleji kowa ya sami damar zama sanƙiran kansa, da waya ɗaya a hannu.

Shugabannin Nijeriya ba su yi jinkirin gane amfanin wannan dama ba. Ranar 15 ga Satumba, 2010, Shugaba Goodluck Jonathan ya bayyana niyyarsa ta tsayawa takarar shugaban ƙasa a shafinsa na Facebook, kafin ya yi taron gangami a fili. Daga nan buɗe shafi ya zama ruwan dare a tsakanin manya. Sai dai shafi daban, suna daban. Abin da ake nufi da suna a nan shi ne shaidar da mutane ke yi wa shugaba a bayan idonsa game da ƙwarewarsa da riƙon amanarsa. Wannan shaida daga aiki take tsirowa, kafar sada zumunta kuwa hanya ce kawai da take bi ta isa nesa. Wanda ba shi da abin nunawa, ko da mabiyansa sun kai miliyan, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Alal misali, a dubi yadda Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta yi a ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu. Bayan an tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, hukumar ta riƙa wallafa alƙaluma a shafinta kowace rana: waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, da waɗanda suka rasu, jiha bayan jiha. Babu kirari a cikin saƙonnin, babu ado. Amma saboda an saba da zuwansu kullum, 'yan jarida da sauran jama'a suka mayar da shafin wurin da ake fara dubawa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki Ihekweazu domin ya jagoranci sabuwar cibiyarta da ke Berlin. Darasin da ke nan shi ne naci da faɗin abin da mutane ke bukatar sani, ko da labarin ba mai daɗi ba ne.

Haka kuma, a watan Fabrairu na 2020, Gwamnan Borno, Farfesa Babagana Umara Zulum, ya kai ziyarar ba-zata wata makarantar firamare da ke yankin Maiduguri da misalin ƙarfe shida da rabi na safe. Ya tarar da wata malama 'yar asalin jihar Abiya, wadda ta shekara 31 tana koyarwa, ta riga kowa zuwa aiki. Ya ba ta kyautar naira 100,000, aka kuma ƙara mata girma. Bidiyon wannan ganawa ya zagaye ƙasa cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne, gwamnan bai faɗi ko kalma ɗaya ta yabon kansa ba. Mutane ne suka ga sammakonsa da yadda ya karrama na ƙasa da shi, suka yanke hukunci da kansu. Yabon kai jahilci ne, in ji Hausawa, kuma kafar zamani ba ta sauya wannan hukunci ba.

Duk da haka, magana zarar bunu ce, kuma a intanet ta fi wuyar mayarwa. A baka, iska kan tafi da subul da baka, amma rubutu yana zama, domin ko an goge shi wani ya riga ya ɗauki hotonsa. A watan Agusta na 2018, Elon Musk ya rubuta a Twitter cewa yana tunanin janye kamfanin Tesla daga kasuwar hannun jari a kan dala 420 kowane hannu, kuma an sami kuɗin yin hakan. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhume shi da yaudarar masu zuba jari. A sulhun da aka yi, shi da kamfanin kowa ya biya dala miliyan 20, ya kuma sauka daga shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin. A gida Nijeriya, a watan Yuni na 2021, Twitter ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi ishara da yaƙin basasa. Gwamnati ta dakatar da kafar, ba a kuma buɗe ta ba sai ranar 13 ga Janairu, 2022. 'Yan jimloli kaɗan suka jawo rufewar wata bakwai, ƙananan 'yan kasuwa masu tallan hajarsu a can suka shiga cikin waɗanda abin ya shafa.

Bisa waɗannan misalai, akwai abubuwan da ya kamata shugaba ya kiyaye. Na farko, ya san da wa yake magana, domin kowace kafa da jama'arta. LinkedIn dandalin ma'aikata ne da 'yan kasuwa, X matattarar 'yan jarida da 'yan siyasa, Facebook da WhatsApp kuwa su suka fi shiga gidaje. Na biyu, ya zaɓi harshen da za a fahimce shi. Shugaban da yawancin jama'arsa Hausa suke ji, amma ba ya rubutu sai da Ingilishi, da takwarorinsa kawai yake zance. Idan kuma zai rubuta Hausar, ya kiyaye ƙa'idojin rubutu, domin rashin lanƙwasa ɗaya kan mayar da ƙasa ta zama kasa, ko ɓata ta zama bata. Na uku, ya tsaya a fagen da ya sani. Shugaban makaranta da ke bayyana yadda ya magance makarar malamai, ko yadda aka kashe kuɗin gyaran ajujuwa, ya fi amfanar da mutane fiye da mai tofa albarkacin bakinsa a kowace muhawara.

Na huɗu, ya yi hattara da sojojin baka na zamani, wato matasan da ake biya su yi yabo su kuma zagi abokan hamayya. Maroƙin dauri an san shi, an san ubangidansa, kowa kuma ya san cewa kirari zuzutawa ce. Na yau kuwa yakan ɓoye a bayan sunan ƙarya, kuma duk ashar ɗin da ya yi, a kan wanda yake karewa ake lissafa shi. Na biyar, ya koyi sauraro. Ƙorafin ɗalibi a kan jinkirin sakamako, ko na ma'aikaci a kan albashi, idan aka amsa shi cikin ladabi aka kuma gyara, ya fi hotunan liyafa ɗari ɗaga darajar shugaba. Idan shi ne ya yi kuskure, ya fito ya gyara da kansa kafin a gyara masa. Haka nan ya lura da lokaci, kada ya wallafa hoton biki a ranar da jama'arsa ke zaman makoki.

Ɗaliban da ke koyon aikin malanta a yau, daga cikinsu za a sami shugabannin makarantu da daraktoci da kwamishinonin gobe. Abin da suka rubuta a shafukansu suna 'yan shekara 20 yana nan yana jiran ranar da za a tantance su domin wani muƙami. Saboda haka gina suna yana farawa tun kafin a sami kujera. Amawalin da ya kare bakin sarakunan dauri ba ya nan a waya, sai wanda mutum ya naɗa wa kansa: ya karanta saƙo sau biyu, ya tabbata gaskiya ne, ya tabbata zai iya maimaita shi a gaban wanda ya shafa, sannan ya aika.