Yammacin Gobir: Fita Bayan Gari da Yara a Sabon Birni da Isa

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Goronyo ita ta kai ni Sabon Birni, a lokacin kaka, gero ya shiga rumbu, dawa kuma tana jiran yanka. Direbanmu bai tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma ya ƙi tsayawa ko'ina, don yana so mu isa kafin la'asar. Haka tafiya ta koma a gabashin Sakkwato. Kowa yana lissafi da rana.

Garin da na sauka ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun watse, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Na tambayi mai masaukina ko za mu leƙa. Ya girgiza kai, ya ce ba yanzu ba, balle da yara. Amma ya ce idan ina so in ga abin da ya rage wa iyalinsa na shan iska, in bi su bayan gari.

Da aka sallame la'asar muka fita: shi da mahaifiyarsa, da 'ya'yansa, da 'ya'yan ƙanensa. Tsohuwar ce a gaba, da 'yar wuƙa ɗaure a gefen zane. Ba mu yi nisa ba, muna iya hango rufin gidajen gari, amma a wannan 'yar tazara na ga makaranta sukutum. Ta tsaya gindin wani gawo ta tambayi jikokin me ya bambanta shi da sauran itatuwa. Babbar cikinsu ta ce, "Kaka, shi da damina yake zubar da ganye." Ta ce to shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Daga nan sai kalgo, wanda ake ɗaye ɓawonsa a yi ɗauri, sai aduwa, sai magarya da yaran suka rufa wa, sai tumfafiya da ta ja musu kunne kada ruwanta ya taɓa ido. Ƙaramin cikinsu ƙarangiya ta kama masa wando, ya tsaya yana kuka, uban ya durƙusa yana cire masa ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Yi haƙuri, babana, Bagobiri ba ya yi wa ƙaya kuka."

A bakin wata gona muka zauna, inda aka tara kara. Nan hannuwa suka fara aiki. Mai masaukina ya zaɓi kara mai kauri, ya fere ɓawon, ya fitar da totuwa fara mai taushi. Totuwar ita ce katako, ɓawon kuma idan aka tsaga shi siri-siri shi ne ƙusa. Ya yanka totuwa guntu-guntu, yana soka su da ɓawon, sai ga gangar jikin mota ta tashi. Ƙafafun da sakaina aka yi su, aka goge gefenta a kan dutse har ta zama da'ira. Yaran suka karɓa: wannan ya yi tabarau, wancan ya yi keke, wani ya huda kara yana neman ya fitar da sautin sarewa. Uban bai karɓe aikin daga hannun kowa ba, sai dai ya nuna inda ɓawon ke da kaifi, ya bar yaro ya ɓata ya sake.

'Yan matan suna wajen kakarsu, wadda ta yanko kaba daga wata ƙaramar goruba. Ta nuna musu yadda ake tsaga ta, ta ce sai an shanya an jiƙa kafin ta yi laushin saƙa, jan launi kuma daga karan dafi ake samunsa. Daga wannan ganye ake fitar da tabarma, da faifai, da igiya, da malafa, da mafici. Abin da yarinya ta fara da wasa a yau, gobe shi ne za ta kai kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rana ba ta yi ja sosai ba tsohuwar ta miƙe ta ce a koma. Babu yaron da ya yi gardama, kuma wannan ya fi komai taɓa mini zuciya. Waɗannan yara sun tashi sun tarar da 'yan bindiga a ƙasarsu. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a wannan yanki. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A irin wannan hali, uban da ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su gindin gawo ba wasa yake yi ba. Riƙe musu ƙasarsu yake yi.

Daga Sabon Birni na wuce Isa, ƙasar da ruwan Bunsuru da Gagare ke gangarowa su ciyar da Gulbin Rima. Fadama ce mai albarka, ta shinkafa da albasa da dankali. A bakin ruwa, kusa da gari, na tarar da wani magidanci yana gyaran lambu, 'ya'yansa kuma sun kwaɓa laka suna gina shanu masu tozo da ƙaho, suna jera su a rana. Ɗaya ya gina rumbu, har da 'yar ƙofa a sama. Na gaishe da uban, na ce, "Malam, sannu da aiki, yaran nan gwanaye ne." Ya ce haka shi ma ya taso, sai dai a zamaninsu har cikin daji suke kaiwa neman kanya da ɗinya, su yini, ba mai nemansu. Yanzu iyakarsu inda idonsa ke kaiwa.

A cikin garin kuma na ga iyalan da aka raba da ƙauyukansu, suna zaune a gidajen 'yan'uwa. Wata dattijuwa daga cikinsu tana saƙar faifai a ƙofar gida, 'yan mata sun kewaye ta. Gona ta tafi, dabbobi sun tafi, amma sana'ar tana hannunta, da ita take sayen abin miya.

Abin da na gani a garuruwan nan biyu ya tabbatar mini cewa fita bayan gari da yara tarbiyya ce. A can yaro ke sanin sunan itace da amfaninsa, ya koyi haƙuri da aikin hannu, ya ji labarin kakanninsa daga bakin da ya sani. Duk wannan ba ya cin ko kwabo. Abin da yake buƙata kawai zaman lafiya.

Saboda haka kirana biyu ne. Ga hukumomin Sakkwato da na tarayya: tsaron Isa da Sabon Birni bai cika ba sai ranar da tsohuwa za ta iya kai jikokinta kufan Alƙalawa ta dawo ba fargaba. Ga kai kuma mai karatu da Allah ya bar wa garinku lafiya: kada ka bar kakar bana ta wuce yaranka suna ɗaki riƙe da waya. Ka ɗauke su, ku fita, ka sa musu kara a hannu. Allah ya dawo wa ƙasar Gobir da zaman lafiya.