Ƙwan kifin da ke jiran damina

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san gaiwa, wadda ke shigewa laka idan tafki ya ƙafe ta jira ruwa. Akwai wani ɗan kifi da bai kai ɗan yatsa ba, shi kuwa mutuwa yake yi idan ruwa ya janye, ya bar ƙwansa a taɓo har damina ta dawo. Masu kiwonsa na kiran danginsa kilifish. A 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya raɗa wa irin da aka samo a kogin Kiyawa suna kiyawensis, wato na Kiyawa. Nan Togo ma akwai ɗan'uwansa a kududdufan da ke cika da damina.

Shekara huɗu ke nan ina ajiye ƙwan irin wannan kifi a gidanmu na Zango. Iyayenmu aka taso daga tsohon Zango na tsakiyar Lome a 1977 aka kawo su nan wajen Togblekope, kusa da kogin Ziyo, don haka cikar ruwa da janyewarsa ba baƙon abu ba ne gare mu.

Aikin duk yana ga mazubi. Kifin na binne ƙwansa a ƙasan ruwa, shi ya sa nake sa masa ƙaramar roba cike da garin ɓawon kwakwa da na tafasa na wanke. Bayan mako ɗaya ko biyu sai in kwashe, in matse a tsumma har ya daina ɗiga, ya rage danshi kawai. Idan ya jiƙe sharkaf ƙwan zai ruɓe, idan ya bushe ƙayau zai mutu.

Gwangwani yana tsatsa, ba na amfani da shi. Leda tana yi, amma tururuwa da kyankyaso na huda ta, kuma hunturun Disamba da Janairu na zuƙe danshinta a hankali. Abin da ya fi min shi ne robar man shanu mai murfi, wadda aka wanke babu sauran sabulu. Rabi nake cikawa don iska ta samu wuri, in rubuta kwanan wata a jikinta, in jera su cikin tsohuwar kula a ƙarƙashin gado. Rufin kwano na zafafa ɗaki da rana, kular ce ke hana zafin hawa da sauka, ga shi cikinta da duhu. Ƙwan ya fi son awon zafi wajen 24 zuwa 26.

Duk Juma'a ake buɗe kowace roba, a motsa garin, a cire ƙwan da ya yi fari, don wannan ya lalace. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, nakan bi kaya Kwatano ko Kumasi in yi makonni. Sai aikin ya koma hannun 'yata ta biyu, mai shekara 11. Na ce mata, "Ke ce uwar ɗakinsu, idan kika manta babu mai tuna miki." Uwarta ta ce, "Malam, wannan ai wahala ce ka ɗora wa yarinya." Yarinyar dai ta samu littafi tana rubuta ranakun, har yau Juma'a ba ta taɓa wuce ta ba.

Bayan wata biyu zuwa uku, idan ka duba da kyau za ka ga ido biyu a cikin ƙwan, kewaye da zobe mai ruwan zinariya. Lokaci ya yi ke nan. Sai a juye garin a kwano a zuba ruwan sama mai ɗan sanyi, cikin 'yan sa'o'i ka ga 'ya'yan kifi na iyo. Kada ka zubar da garin. Ba duka ke ƙyanƙyashewa tare ba, domin a daji ruwan farko kan yaudari kududdufi ya sake ƙafewa. A sake matsewa a mayar robar, bayan mako uku a kuma jiƙawa, sau da yawa wasu za su fito.

Yaranmu da aka haifa a bakin teku ba su san yadda ake zaman jiran ruwan shuka ba. Wanda ke son nuna wa nasa, ya fara da roba biyu rak, ya raba ƙwan gida biyu, ya damƙa wa yaro ɗaya da alƙalamin rubuta kwanan wata.