Baƙon da Bai Yi Sallama Ba

Ni ba Bahaushe ba ne. Iyayena 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma mahaifina kwanon rufi yake sayarwa a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kan hanyar Kubwa zuwa Zuba. A bakin 'yan dako da direbobin tifa na tsinci Hausa, kafin in zo jami'a in karance ta. Shi ya sa da aka zo zaɓen batun kundin digiri, na ɗauki Hausar dillalan shanu a karar Dei-Dei.

Wani dattijo Bakatsine ya ba ni hira ta awa uku. Shi ya warware mini yadda "albarka" ke nufin ba a sayar ba, da yadda ake yanka la'ada. Bayan Babbar Sallah ya koma gida, ba da jimawa ba muka ji rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Da wayata ta cika, sai na juye muryarsa a filashi, na goge ta waya.

Saura mako biyu in miƙa babi na huɗu, na soka filashin a kwamfutar da na saya ta hannu. Shiru. 'Yar tagar nan da na saba gani a kwamfutocin makaranta, mai tambayar me za a yi da filashi, ba ta fito ba. Na zare, na hura masa iska, na mayar. Shiru dai. Gabana ya faɗi. A daren nan ban runtsa ba.

Gari na wayewa na nufi wani mai gyara a bakin kasuwa. Na ce, "Oga, ka taimake ni, muryar mamaci ce a ciki."

Ya danna maɓallin Windows tare da harafin E, sai ga filashina a jeri, fayil ɗin lafiya lau. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, baƙonka ya shigo, sallama ce kawai bai yi ba."

Ashe wanda ya sayar mini ya kashe abin da ake kira AutoPlay. A Windows 11 ana shiga Settings, sai Bluetooth & devices, sai AutoPlay, a kunna shi, a zaɓi ya riƙa buɗe folda. Idan ya ƙi, a duba ko Shell Hardware Detection yana aiki, domin da shi tsarin ya dogara. Idan kuwa filashin bai fito a jerin ba sam, to matsalar daban ce, sai a gwada wata kafa ko wata kwamfutar.

Da na bincika dalilin da zai sa mutum ya kashe abu mai amfani haka, sai na tarar da tarihi. Tun Windows 95 aka kawo AutoRun, don faifan CD ya kunna kansa ta hanyar wani ɗan fayil mai suna autorun.inf. Masu ƙirƙirar bairos suka samu ƙofa a buɗe. Conficker, wanda ya ɓulla a 2008, ya bi filashi ya kama miliyoyin kwamfutoci. A Windows 7 na 2009 Microsoft ya hana filashi kunna manhaja da kansa, a Fabrairun 2011 kuma ya tura wannan gyara ga masu XP da Vista. Wato da baƙo har ɗaka yake faɗawa. Yanzu a zaure yake tsayawa, maigida ya yanke shawara. Mai tsohuwar kwamfutata dai wanda maciji ya sara ne, ya ga tsumma ya gudu.

Kafin in bar shagon na ajiye hirar a wuri uku: kwamfuta, imel da wani filashin. Ku ma 'yan'uwana masu zuwa ɗaukar bayanai, kada ku jira irin darena.

Abu ɗaya ya rage yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗalibin Hausa na rasa sunan wannan abu da Hausa, mai gyara ya raɗa masa nan take. Na so in kawo "buɗe-da-kanka", amma "sallamar filashi" ta fi zama a baki. Ko me kuka gani?