Guringuntsin Gwiwa: Tsakanin Ɗori da Ɗinki

A ƙasarmu ta Ikara, har zuwa Maƙarfi da Kudan, in mutum ya gurɗe a gwiwa, wurin mai ɗori akan fara kai shi. Haka na tashi na tarar, kuma ban raina sana'ar ba. Sai dai akwai raunin da karan ɗori ba ya kaiwa gare shi, wato yagewar guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Baffana, manomin rake, ya yi wata uku gwiwa na kumbura tana ƙagewa, kafin likita ya ɗinke masa.

Asirin warkewar kuwa jini ne. Gefen waje na guringuntsin kaɗai ke samun jini, shi ne ke haɗewa in an ɗinka. Shi ya sa likitoci kan kankare bakin yagar, ko su cusa gudan jini a ciki. Tun 1883 Thomas Annandale ya yi wannan ɗinki a Edinbara, a 1948 kuma Fairbank ya nuna cewa cire guringuntsin ɗungurungum kan sa gaɓar ta zaizaye.

Abin da ya fi aikin wuya shi ne jinya: kimanin mako shida kan sanduna, motsa ƙafa bisa ƙa'ida, salla a zaune, watanni ba tsugunno. Manomin da ya ga damina ta kama, ya koma gona kafin lokaci, yana iya warware ɗinkin. Sauri ya haifi nawa.