Roissy: Filin Jirgin da Ake Gwada Ƙarfin Shugabanni

Kimanin kilomita 25 arewa maso gabas da birnin Paris akwai wani shimfiɗaɗɗen fili wanda a da gonakin alkama ne, ga wani ɗan ƙauye a gefensa mai suna Roissy, wanda Faransawa ke furtawa kamar "Ruwasi". A watan Maris na 1974 aka buɗe filin jirgin sama na Charles de Gaulle a kan gonakin nan, kuma har yau mutanen ƙasar sun fi kiransa da sunan ƙauyen. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 30, yana da titunan sauka da tashi guda 4, kuma a 2019 fasinjoji kusan miliyan 76 ne suka ratsa ta cikinsa. Matafiyin da ya taso daga Abuja ko Legas da dare yakan sauka a nan da sassafe, idonsa cike da barci, babu abin da ke gabansa sai neman ƙofar jirgi na gaba. Kaɗan ne ke sanin cewa a 'yan taku kaɗan daga inda suke jan jaka aka yi wasu daga cikin rigingimun ƙwadago mafi zafi a tarihin sufurin sama na Turai.

Na kwana biyu a wurin bayan kammala wani taron masana a Paris, kuma da gangan na zaɓi masauki a unguwar ofisoshi da otal-otal da ke tsakiyar filin, wadda suke kira Roissypôle. Na daɗe ina koyar da darasin hulɗar ma'aikata da masu ɗaukar aiki, kuma labarin kamfanin Air France na cikin misalan da nake kawo wa ɗalibai, sai na ce gani ya kori ji. Daga tashar jirgin ƙasa da ke haɗa filin da tsakiyar Paris, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa hedikwatar kamfanin, dogon gini fari mai yawan tagogi. Ba nisa da nan an kafe wani tsohon jirgin Concorde a kan ƙarafa, hancinsa na kallon sama kamar zai tashi, alhali tun 2003 aka daina aiki da irinsa. Iskar wurin na ɗauke da warin man jirgi, kuma ba a cika minti biyu ba a ji rugugin tashi ko sauka ba.

Abin da na fi tsayawa kallo shi ne shingen ƙarfen da ya kewaye harabar. A ranar 5 ga Oktoba, 2015, shugabannin kamfanin suka zauna da wakilan ma'aikata a wannan gini don gabatar da shirin rage guraben aiki 2,900, da suka haɗa da matuƙa 300, da ma'aikatan cikin jirgi 900, da ma'aikatan ƙasa 1,700. Ɗaruruwan masu zanga-zanga suka kutsa cikin zauren. Daraktan kula da ma'aikata, Xavier Broseta, sai da ya haura shinge ba riga a jikinsa, daga shi sai laktaye a wuya, abokin aikinsa Pierre Plissonnier kuma ya tsira da riga a yage. Kafin faɗuwar rana hoton ya zagaye duniya. Firaministan lokacin, Manuel Valls, ya kira masu aika-aikar 'yan iska, daga baya kuma kotu ta yanke wa wasu daga cikinsu hukuncin ɗaurin talala na 'yan watanni. Amma ruwa ba ya tsami banza. Shekara guda kafin nan, a Satumbar 2014, matuƙa sun yi yajin aikin mako biyu don hana kamfanin faɗaɗa reshensa mai arha, Transavia, a sauran ƙasashen Turai, kuma ma'aikatan ƙasa na ganin su ne ke biyan kuɗin rigimar da ba su suka tayar ba.

Domin a fahimci dalilin da ya sa yajin aiki ke yi wa kamfanin jirgi illa fiye da sauran masana'antu, sai a dubi irin hajarsa. Idan masaƙa ta tsaya mako guda, atamfar da ke sito na nan, za a sayar da ita gobe. Kujerar jirgin da bai tashi ba kuwa ta tafi ke nan har abada, ga kuɗin hayar jirgin da na inshora da ruwan bashi suna ci gaba da tafiya ko an tashi ko ba a tashi ba. Bayan haka, matuƙi ba ma'aikacin da ake maye gurbinsa cikin dare ba ne, domin horar da shi na cin shekaru, kuma kowane samfurin jirgi da lasisinsa. Saboda haka 'yan dubban mutane na iya tsayar da kamfanin da ke ciyar da dubun dubata. Mai zuba jari ya san wannan sarai, shi ya sa idan zai sayi hannun jarin kamfanin jirgi, yakan duba farashin mai da yawan fasinja, sannan ya tambayi kansa ko shugaban da ke kan kujera na iya ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗore da ƙungiyoyin ƙwadago.

Wannan tambaya ce ta ci Jean-Marc Janaillac, wanda ya karɓi ragamar rukunin Air France-KLM a 2016 bayan Alexandre de Juniac ya koma shugabancin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. A 2017 rukunin ya ci ribar aiki ta kusan Yuro biliyan 1.5. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce tun 2011 ba a taɓa ma'aunin albashinsu ba, sun ɗaure ciki lokacin tsanani, yanzu da daɗi ya zo a ba su nasu kason. Da farko sun nemi ƙarin kashi 6 cikin 100, daga baya suka sauko zuwa 5.1, amma a biya a shekarar. Shugaban ya yi tayin kashi 7, a rarraba cikin shekara 4, yana kafa hujja da tashin farashin mai da gogayyar kamfanoni masu arha da na ƙasashen Larabawa. Daga Fabrairu zuwa Mayun 2018 aka yi kwana 15 na yajin aiki jefi-jefi, wanda kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kan Yuro miliyan 335.

Da tura ta kai bango, Janaillac ya tsallake shugabannin ƙwadago ya kai maganar gaban ma'aikata kai tsaye ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, ya kuma yi alkawarin sauka idan suka ƙi. Dabarar ba sabuwa ba ce a gidan. A 1993 yajin aikin da ma'aikata suka mamaye titunan jirgi ya yi awon gaba da kujerar Bernard Attali, magajinsa Christian Blanc kuma ya yi irin wannan ƙuri'a a 1994 ya samu amincewar kashi 81, gwamnati ta biyo baya da tallafin faran biliyan 20. Sai dai a wancan karo kamfanin na bakin kabari ne, kowa na tsoron rasa abincinsa. A 2018 kuwa an fito da riba an nuna wa duniya, sannan aka ce wa ma'aikata su ƙara haƙuri. Ranar Juma'a 4 ga Mayu aka ƙirga, kashi 55 suka ce ba su yarda ba, shugaban ya cika alkawarinsa a daren. Ministan kuɗi Bruno Le Maire ya fito ya yi gargaɗin cewa gwamnati ba za ta biya wa kamfanin bashi ba, kuma yana iya ɓacewa idan bai gyara ba. Da kasuwa ta buɗe ranar Litinin, darajar hannun jarin ta zube da kusan kashi 10 a wuni ɗaya.

A wani ɗan shagon shayi kusa da tashar na ji wani dattijo na amsa waya da Hausar Maradi. Muka gaisa, ashe ya fi shekara 20 a Faransa, yana aikin share-share da wani kamfanin kwangila da ke hidima a filin. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ku kuna karantawa a takarda, mu a jikinmu muke ji. Ranar da manya suka ajiye aiki, mu ba jirgin da za mu share, sai a rage mana awa. Su idan an shirya an ƙara musu, mu ba wanda ya san da mu." Na ce, "Baba, to laifin wa ke nan?" Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari." Maganarsa ta tuna mini cewa a kowace rigima irin wannan akwai ɓangare na uku da ba ya zama a teburin sulhu, wato masu dako da masu shara da direbobi da masu dafa abinci, waɗanda yawancinsu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi mazauna unguwannin talakawa na arewacin Paris.

Fiye da wata uku rukunin na hannun riƙon ƙwarya, kafin a watan Agusta a naɗa Benjamin Smith daga kamfanin Air Canada, mutum na farko da ba Bafaranshe ba da ya hau kujerar. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tir da ɗauko baƙo, suka kuma yi ca a kan albashinsa da ka iya haura Yuro miliyan 4 a shekara. Abin da kwamitin daraktoci ya hango a tattare da shi shi ne yarjejeniyoyin shekara 10 da ya taimaka aka ƙulla da matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi a Kanada. Cikin 'yan makonni, a Oktoban 2018, ya sasanta a kan ƙarin kashi 2 na shekarar da wani kashi 2 na 2019. Mai karatu zai lura cewa wannan adadi bai yi nisa da abin da aka ƙi a hannun magabacinsa ba. Abin da ya sauya shi ne salon zama: ya koma teburi da wakilan ma'aikata maimakon tsallake su, ya rufe reshen Joon da ma'aikatan cikin jirgi ke kallo a matsayin hanyar karya musu albashi, sannan aka ɗora Anne Rigail, wadda ta taso a cikin gidan, a kan shugabancin Air France, mace ta farko a muƙamin.

Bai gama numfasawa ba sai wata ɓarakar ta ɓullo daga Holan. Tun haɗewar 2004, mutanen KLM na ƙorafin cewa su ke tara riba Faransawa na ƙonawa a yajin aiki. A 2018 ribar aikin KLM ta haura Yuro biliyan 1, ta Air France kuwa, duk da ya fi girma, ba ta kai miliyan 300 ba. Da aka fara raɗe-raɗin ba za a sabunta wa'adin shugaban KLM, Pieter Elbers, ba, dubban ma'aikatansa suka sa hannu a takardar goyon bayansa. A ƙarshen Fabrairun 2019 gwamnatin Holan ta bayyana cewa ta sayi hannayen jari a asirce, har ta kai kashi 14, daidai da na gwamnatin Faransa. Hannun jarin ya sake faɗuwa da fiye da kashi 10, domin 'yan kasuwa sun ga jirgi ɗaya da gwamnatoci biyu a ɗakin tuƙi. Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnatocin nan biyu ne suka tsamo kamfanin, Faransa da lamunin Yuro biliyan 7, Holan da biliyan 3.4. Gargaɗin da minista ya yi shekara biyu kafin nan ya bi iska, kuma ma'aikata sun ƙara tabbatar da abin da suka daɗe da sani, cewa gwamnati ba za ta bari tutar ƙasa ta faɗo ba.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan labarin ya shafe mu. Kamfanin da kowa ya yi imanin ba za a bari ya mutu ba, ma'aikatansa ba sa tsoron matsa lamba, shugabanninsa na sauraron minista fiye da kwamitin daraktoci, mai zuba jari kuma na tsayawa daga nesa. Mun ga irin wannan a gida. KLM ɗin nan, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana sauka a Kano, shi aka ba kwangilar gudanar da Nigeria Airways daga 1979 zuwa 1981, amma da Turawan suka tafi aka koma gidan jiya, har aka rushe kamfanin a 2003, tsofaffin ma'aikatansa suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake shi, ya durƙushe a 2002 da tulin bashi da shugabanni da yawa masu ba da umarni. Faransa na da baitulmalin da zai iya ɗaukar nauyin kuskurenta, mu kuwa da namu suka faɗi ba wanda ya ɗaga su.

Duk lokacin da aka taso da batun sabon kamfanin jirgin ƙasa a Najeriya, muhawararmu kan tsaya ne a kan suna da tambari da launin wutsiya, kamar yadda aka yi a 2018 lokacin da aka ƙaddamar da tambarin Nigeria Air a Ingila ba tare da jirgi ko ɗaya ba. Tambayoyin da Roissy ke koyarwa sun fi haka nauyi. Wa zai naɗa shugaba, kuma wa ke da ikon cire shi? Shin za a buɗe wa wakilan ma'aikata littafin kuɗi su ga riba da asara da idonsu kafin a nemi su ɗaure ciki? Wane tsari aka rubuta tun farko na raba riba idan ta samu, domin kada a jira sai an yage wa wani riga? Ina roƙon 'yan majalisar da ke kula da harkar sufurin sama, da ɗalibanmu na fannin gudanarwa da za su gaje su, su nemi amsoshin waɗannan a rubuce kafin a sake fitar da ko sisi daga asusun jama'a.